Akwatin da Ba Shi da Hammata

A Tarabulus aka raba ni da fiyanona. Tun daga Sakkwato na ɗauko shi naɗe cikin bargo, na rungume shi a bayan mota duk faɗin hamada, mutane na kare ruwan shansu ni ina kare shi daga rairayi, ashe wani ƙato nake yi wa dako. Sunan ƙaton Miftahu, Balarabe ne mai ƙungiyar makaɗan biki. Ranar da na fara yi masa aiki ya ce in kawo fasfo da fiyano ya adana mini, don ɓarayi sun yi yawa a unguwar. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya mini shi ne babbansu ba. Na yi masa kiɗa a bukukuwa har sanyi ya shigo ya fita, ina cin ragowar taliyar da baƙi suka bari, ina kwana tsakanin lasifikoki. Da na ce zan wuce gaba, sai ya wurgo mini fasfo a ƙasa, ya ce fiyano kuma ya tafi a kuɗin ɗaki. Na tsaya ina harhaɗa Larabcin da na tsinta, ya kira ƙannensa biyu suka raka ni bakin titi da ƙafa.

Ba don ƙarfe da roba na yi kuka ba rannan. Akwai maganar da ke tsakanina da mahaifina, kuma da wannan akwati nake nufin in ba shi amsa.

Mu gidan kalangu ne a Gawon Nama. Baba makaɗin mahauta ne, waɗanda mu a Sakkwato muke kira rundawa, kuma ubangidansa shi ne Majo, mahaucin da duk kwata, wato mayanka, ke yin shiru in ya zare wuƙa. Kowane babban mahauci yana da takensa, wato ɗan kiɗan da ke kiran sunansa da kirarinsa, wanda ba a kaɗa wa kowa sai shi. Baba ne ya ƙera taken Majo tun suna samari, da shi ya ciyar da mu, don duk sa ɗin da Majo ya kayar akwai tsokar gidanmu a ciki. Kuma al'adar gidanmu ce, duk kalangun da aka ɗinka ko aka ja wa tsarkiya, da taken Majo ake gwada shi. In ya faɗi sunan Majo daidai, ya gyaru. Da haka muka tashi, hannuna bai san wata hanyar gwada abin kiɗa ba.

Ni kuwa na zo a lokacin da kuɗin mai ke gudu kamar ruwan kwata. Na ga 'yan kwangila suna yi wa masu fiyano liƙi a wani otal da ke wajen Sama Road, na ajiye gula, sandar kaɗa kalangu, na koma danna farare da baƙaƙen haƙora. Baba bai hana ni ba, wulaƙanci kawai ya yi mini. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi na matse shi a hammata, ya ɗaga murya ya sauke ta kamar harshen mutum. Ran da na kai masa fiyanon gida ya saurara, ya zagaya shi, ya leƙa ƙarƙashinsa, sannan ya ce:

"Ummaru, wanga akwati naka bebe na. Abin da ba shi da hammata, ƙaƙa za shi magana? Ran da yak kira Majo har Majo yaw waiwayo, taho in ba ka hannu."

A wurinmu ɗa ba ya musabaha da ubansa, durƙusawa yake yi. Don haka abin da Baba yake nufi shi ne har abada. Bayan nan soja suka karɓi mulki, bulala ta fito, 'yan kwangila suka shige rami, otal ya koma gidan ƙadangaru. Abin da ya fitar da ni ke nan, da yunwa da wannan magana.

Daga Tarabulus na yi dako a tashar jiragen ruwa har na sami wani jirgin kaya da ya yarda in wanke masa tukwane a bakin kuɗin tafiya. A Marsel na sauka, ƙasar Faransa, ba na jin ko sannu da harshensu. Can na gane cewa akwai wulaƙancin da ya fi zagi: ka yi wa mutum sallama ya dubi bangon da ke bayanka. Na kwana a masallacin 'yan Magariba, Larabawan arewacin Afirka, da ke ƙarƙashin wani bene, na share kasuwar kifi, na yi kewar fura har na riƙa mafarkin ludayi. Abin da ke hana ni haukacewa shi ne wani kantin kayan kiɗa da ke barin mutane su taɓa abin da aka baje. A nan na fara ganin sabon samfurin fiyano mai wata 'yar taya a gefen hagu. In ka danna haƙori ka murza tayar sama, sai muryar ta miƙe, in ka saki ta dawo. Na murza na sake murzawa. Turawa sun yi wa akwati hammata.

Ban san lokacin da hannuna ya faɗa taken Majo ba. Ina cikin yi sai na ji an ce a bayana:

"Kai! Kalangun rundawa na nika ji ko kunnena na? Kai Basakkwace na?"

Na juyo na ga wani siriri cikin kwat, yana murmushi da haƙorin makka. Isuhu sunansa, mutumin Ƙonni, nan bayan Illela, kusan maƙwabci. Na rungume shi ina hawaye kamar uwa ɗaya ta haife mu. Ya saya mini shayi da burodi, ya ji labarina, ya ce Allah ya yanke mini wahala. Yana yi wa wani Bafaranshe tafinta da aike-aike, mai ɗakin ɗaukar kiɗa, kuma mutumin na neman irin wannan sauti da ba a saba ji ba.

Suna kiransa Mushe Filib. Mushe a bakin mutanen Nijar girmamawa ce, ni kuwa ɗan makaɗin mahauta, duk sanda na faɗa sai in ji daɗi a raina. Gajere ne, ja, mai yawan gumi, yana yin kiɗan tallace-tallace na rediyo. Ya saurare ni bai ko ce in zauna ba, ya tambayi Isuhu wane irin kiɗa ne wannan. Na ce a gaya masa taken babban mahauci ne na garinmu, sarkin masu nama. Ina faɗa ina buɗe ƙirji. Idon Mushe Filib ya yi haske, ya ce a ba ni katifa a ɗakin ajiya da abinci sau biyu. Maganar takardun zama kuwa, ya ce zai duba.

Yana da sabuwar kwamfuta da ya sayo, da fiyano irin na kantin nan, da wayoyi biyu masu kai kamar bakin shantu da ke haɗa su. Abin da suke kira midi ke nan. Isuhu ya yi mini bayani: wayar ba sauti take ɗauka ba, labarin yatsu take kaiwa. Wane haƙori ka danna, da wane ƙarfi, yaushe ka saki. Kwamfuta ta rubuta, daga baya ta mayar wa fiyano labarin, shi kuma ya kaɗa kansa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Na ce wannan ai aikin aljanu ne. Isuhu ya ce aljanun ma sun ƙi aiki, don tun da aka kawo kayan ba su taɓa gaisawa da juna ba, yaron kantin da ya zo haɗawa kuma sun yi faɗa da Mushe ya tafi.

Haka muka shiga fama. Ni in danna, Mushe Filib ya zura wa gilashin kwamfuta ido, babu abin da ke motsi, sai ya buga tebur ya zage ni. Ba na jin Faransanci amma zagi ba ya bukatar tafinta. Ya ce yatsuna ne ke da datti, ya sa na wanke hannu da sabulu a gabansa kamar yaron da ya taɓa kashi. Ya canza wayoyi, ya kashe ya kunna, ya kira kanti aka ƙi ɗauka. Wadda ta warware wannan ba ta ma san ta yi ba. Wata tsohuwa ce 'yar Aljeriya mai share wurin, Lalla Zuhura, wadda takan ɓoye mini dabino da dafaffen ƙwai a aljihun rigarta. Wata safiya tsintsiyarta ta fizge wayoyin, ta tsorata ta mayar da su yadda ta ga dama. Da na zo na danna, sai ga wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa a gilashi. Muka leƙa baya. A jikin kowane akwati akwai rami na fita da rami na shiga, shi Mushe ya haɗa fita da fita, shiga da shiga, don a ganinsa abin da ya yi kama shi ke tafiya tare. Alhali sai fitar wannan ta shiga shigar wancan, kamar baki da kunne. Mushe Filib ya ce dama shi ya yi niyyar gwada hakan, ya kuma gargaɗi tsohuwar kada ta ƙara taɓa masa kaya.

Ana wata ga wata. Da kwamfuta ta mayar da abin da na kaɗa, maimakon take sai muka ji kwanuka na faɗuwa, da usur, da tafi, kamar an saki akuya a kicin. Ashe cikin wayar nan guda akwai layi goma sha shida, kuma na goma na ganguna da ƙararrawa ne. A can kwamfutar ke zuba komai. Sai da muka bi maɓallan fiyano da shafukan kwamfuta muka daidaita su a layi na ɗaya, mai aikawa da mai karɓa. Da wannan ya wuce, sai kowane sauti ya riƙa fita biyu, kamar mai in'ina, wani lokaci ɗaya ya maƙale yana kuka har sai an zare wuta. Fiyanon ne ke kaɗa abin da na danna, kwamfuta kuma ta dawo masa da shi nan take ya sake kaɗawa. Akwai wurin da ake gaya masa ya daina jin yatsuna kai tsaye, ya jira abin da kwamfuta ta ce. Da na kashe wannan na ji wani abu ya taɓa mini zuciya, amma ban tsaya na tambayi kaina ko mene ne ba. A duk wannan gwaji, ko sau nawa aka ce in danna, taken Majo nake dannawa.

Saura abu guda. Kwamfuta na rubuta haƙoran da na danna tsaf, amma ba ta jin 'yar tayar nan. In ta mayar da taken sai ya fito a miƙe, ƙwal ƙwal ƙwal, babu hawa babu sauka, babu suna babu kirari. Bebe, kamar yadda Baba ya faɗa. Mushe Filib kansa ya ji bambancin, don haka duk sanda yake son gwada wani salo, da sauri ko a hankali, da muryar sarewa ko ta ƙaho, dole a tashe ni in kaɗa da hannu, Isuhu yana fassara. Muna ci muna sha, sanyi na kashe mutane a waje.

Ni kuwa abin ya hana ni sukuni. Duk sanda na ji wannan ƙwal ƙwal sai in ga Baba yana leƙa ƙarƙashin fiyano. Na fara zama gaban kwamfuta da rana in Mushe ya fita cin abinci, ina tura abin nan da suke kira ɓera, ina buɗe shafuka da ba na iya karantawa. Rannan Isuhu ya same ni. Ya rufe ƙofa, murmushin nan ya ɗauke.

"Mi kaka biɗa nan?"

Na ce hammata nake nema.

"Ummaru, bar ta. Bar ta lalace. Kai ba ka da wayo? Muddin ba ta ji tayag ga ba, shina bukatak ka, shina bukata ta. Ran da taj ji, wallahi titi za mu kwana. In kai ba ka da ɗiya, ni ina da huɗu Ƙonni."

Na ce masa taken ubangidan ubana ne ake mayarwa bebe a gabana.

"Majo na nan? Shina ji? Kak ka kashe muna tukunya don wani mahauci da bai san kana duniya ba."

Gaskiya ce ya faɗa mini, tsirara, kuma na ji ta. Amma wanda bai tashi gidan kalangu ba ba zai gane ba. A gidanmu ba a rataye kalangun da bai faɗi sunan Majo daidai ba, ko za a kwana ana jan tsarkiya. Na ci gaba da laluben shafuka a ɓoye, har na faɗa wani mai ƙananan akwatuna a jere, wasu da alamar gicciye wasu babu. Na riƙa cire alamar ɗaya bayan ɗaya, in murza taya, in dubi ɗigon nan. A wani akwati, ina cirewa ina murzawa, sai ɗigon ya kama rawa. Rariya ce ashe, an sa ta ta tace motsin taya ta zubar. Daga baya na gane Isuhu ya san da ita tun farko, shi da ke karanta Faransanci.

Na kaɗa taken, na ɗauke hannuna, na danna inda ake dannawa. Da farko hawan ya yi gajere, sai na ƙara wa tayar zurfi a cikin fiyanon har ya kai inda hammatar Baba ke kaiwa. Sannan na koma gefe na tsaya. Akwatin nan, babu kowa a gabansa, ya buɗe baki ya kira Majo. Ya faɗi sunansa, ya faɗi na ubansa, ya yi masa kirarin wuƙa, har ɗan jan numfashin da Baba ke yi kafin ya rufe. Lalla Zuhura ta saki tsintsiya tana salati. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba, kuma ba na jin zan ƙara.

Mushe Filib ya dawo ya ji, ya sumbaci kwamfutarsa. Ni ko kallo ban samu ba. Kwana kaɗan ya gama abin da yake yi: ya sa taken ya yi sauri, ya ɗora masa ganguna, wani mai murya kamar ta maroƙi ya zo ya yi magana a kai. Sannan ya kira mu ya ce aiki ya ƙare, yana bukatar ɗakin ajiyarsa. Na tambayi maganar takardu, ya ce wace takarda. Ya miƙo mini kaset guda, ya ce abin tunawa. Isuhu kuma Mushe ya ce masa ya riƙa leƙowa jefi-jefi, in da aike.

A bakin titi na jira Isuhu ya zage ni, sai na ga ya dafa kafaɗata. Ya ce abin da ya wuce ya wuce. Na tambaye shi me mai muryar nan ke faɗa a kaset. Ya ce yabo ne, yana cewa ku saurari kiɗan manyan masu nama. Ya ce akwai wani ɗan garinsu da zai tafi gida jibi, in ina so ya kai wa Baba, daga Ƙonni zuwa Sakkwato ai ba nisa.

"Aika mai shi ji. Ba kai kac ce ya ce akwatin bebe na ba?"

Na naɗe kaset ɗin a cikin hulata, na ce a gaya wa yayana Haliru ya kai shi kwata, a sa shi a gaban Majo da dukan rundawa, kada a ji shi a gida a ɓoye. Ni da bakina na faɗi haka.

Na koma masallacin ƙarƙashin bene da kasuwar kifi. Lalla Zuhura ba ta yar da ni ba, ranar Juma'a takan kira ni gidanta ta zuba mini kuskus da miya. Ina cikin ci wata Juma'a, rediyonta na kan firji, sai ga taken Majo ya shigo kicin ta cikinta. Na miƙe da cokali a hannu ina cewa nawa ne, nawa ne. Tsohuwar ta saurari maganar da ke kai, fuskarta ta canza, ta kashe rediyon ta tofar da yawu a kwandon shara. Ta ce "halluf." Na zauna Tarabulus, na san kalmar: alade. Don kada in yi shakka ta ja ni taga ta nuna mini wani allo a kan titi, hoton alade sanye da hular masu dafa abinci yana dariya, da tsiren hanji rataye a wuyansa. Tallan wani kamfanin naman alade ne. Maganar kuma cewa take yi, ga kiɗan da ke kiran sarkin nama, sai a ji gurnaninsa a ƙarshe. Gurnanin da na ji a kaset na ɗauka wata ganga ce ta Turawa.

Na samu Isuhu a wani gidan shayi yana karta. Na shaƙe shi har sai da aka ɓamɓare ni. Ya gyara kwat, ya dube ni babu ko ɗigon kunya.

"Na ce ma ka bar ta. Kai kag gyara, kai kac ce a kai kwata. Ni dako kawai niy yi."

Babu tarho a gidanmu, babu a gidan kowa da na sani. Na roƙi duk wanda na ji zai nufi gida ya kai saƙo a fasa kaset ɗin, amma magana zarar bunu ce. Faɗan gidan shayin ne ma ya jawo mini 'yan sanda. Suka tambayi takardu, na nuna musu tafin hannu. Na daɗe a tsare tare da wasu irina, sannan aka sa mu a jirgi da ankwa zuwa Ikko. Sojan da ya karɓe mu ya sa muka yi tsallen kwaɗo a filin jirgi don mun zubar wa ƙasa mutunci, ya kuma ɗauke mini takalmi. A bayan motar shanu da ta sauke kaya na iso Sakkwato, ina addu'a duk hanya Allah ya sa ɗan Ƙonnin nan ɓarawo ne irin Miftahu.

Ashe ɗan Ƙonnin mai amana ne. Haliru na gani a bakin layinmu yana gyaran keke, sana'ar da ban bar shi da ita ba. Bai tashi ba, bai yi mini sannu da zuwa ba. Yana ɗaure sarƙa yana ba ni labari kamar mai karanta wa wani hukunci.

Sun yi yadda na ce. Ranar kasuwa suka ari babbar rediyo, rundawa suka taru, aka sa wa Majo kujera. Da taken ya tashi kwata ta kaure da kabbara da guɗa, Majo ya miƙe ya ɗaga wuƙa, Baba yana kuka yana cewa ɗana ne. Aka mayar aka sake, aka sake. A karo na nawa ne, wani falken shanu da ya zo daga Nijar ya kasa riƙe dariya. Aka tambaye shi, ya ƙi faɗa, aka matsa, ya fassara musu kalma bayan kalma, har gurnanin.

"Majo bai yi zagi ba," in ji Haliru. "Cewa yay yi a ba Baba tsoka tai ta rannan, kuma kak a ƙara ganin kalangun gidanmu kwata. Yanzu in Majo ya wuce, abokan gaba nai su yi hito da taken, wani shi yi gurnani. Ya bar hita kasuwa. Sauran rundawa kau wa ka son makaɗin da ɗanai ka saida take ga masu alade? Shiga, shina ciki."

Na shiga. Kalangun yana rataye a zaure, tsarkiyarsa ta saki, gizo-gizo ya yi gida a tsakani. Baba na zaune kan buzu, ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Na durƙusa daga nesa, na fara bayani, waya da layi da rariya, da Isuhu, da cewa ban sani ba. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji.

"Na jiya," ya ce. "Akwatin ya yi magana. Babu harahi guda da yab bari. Ko ni iyakar abin da nika yi ke nan." Ya ɗan yi tari. "Da ka bar shi bebe nai, Ummaru, da babu wanda ag gane wa aka kira."

Na kifa kaina a ƙasa. Sai na ji ya ce in matso.

"Na yi ma alkawali gaban uwakka. Ya kira Majo, Majo ya waiwayo. Kawo hannunka."

Na ce Baba ka yi mini rai. Ya ce in kawo. Na miƙa, ya kama, ya girgiza sau ɗaya kamar yadda ake yi wa baƙo a kasuwa. Tun ina yaro na san hannun nan, akwai kanta mai tauri a gindin yatsansa inda gula ke zama, da ita yake murza mana kunne. Na laluba da babban yatsana ban same ta ba. Wurin ya yi laushi.